Tambaya da Amsa: Wannan doguwar igiyar cikin teku dabba ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni masunci ne, yarona ya nuna min bidiyo a Facebook na wani abu zarara kamar igiya yana lilo cikin ruwa, wai dabba ce. Gaskiya ne ko dai haɗin kwamfuta ne? Kuma akwai irinta a gulbinmu? Daga mai karatu a Yauri, jihar Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba. Ba haɗi ba ne, sifonofo ake ce mata, dangin jelifish ce, wato wata dabbar teku mai laushin jiki da ke harbi, akwai iri kusan 175. A 2020 masu bincike sun ɗauki hoton wata a yammacin Ostireliya, an ƙiyasta tsawonta ya kai mita 45. Kuma fa ba jiki ɗaya ba ne, ƙananan jikkuna ne jere manne da juna kowa da aikinsa kamar ku cikin kwalekwale, wasu tuƙi, wasu kamu, wasu narkar da abinci, wasu haihuwa, in ka ɓalle ɗaya ba ya rayuwa shi kaɗai.

A gulbi kam babu ita, sai ruwan gishiri, ku ci gaba da jefa taru hankali kwance.

Can ma tana da lokacinta. A tekunan da ke tsakanin zafi da sanyi lokacin zafi ruwan da ke saman teku ɗumi gare shi amma ba abinci sosai, sai hunturu ya zo iska da sanyi su gauraya ruwan, takin da ke ƙasa ya taso, rana ta dawo ƙananan tsirrai su tsiro, 'yan mitsi-mitsin halittun da ke cin su su yawaita, to daga nan ita ma sifonofo ta yi yawa don su take ci, har da 'ya'yan kifi. Wasunsu da rana suna can ƙasa cikin duhu, dare na yi su hauro kiwo.

Akwai wata sifonofo mai jakar iska shuɗiya da ke yawo a saman ruwa, ita iska ce ke kora ta. A gabashin Ostireliya lokacin zafinsu, wajajen Disamba zuwa Fabrairu, sai a wayi gari gaɓa ta cika da su. Zarurrukanta kan kai mita 10 ko fiye kuma harbinta akwai raɗaɗi, ko ta mutu tana yashe kan rairayi tana harbi. In ɗanka ya taɓa zuwa bakin teku ya ga abu shuɗi kamar leda mai iska, ka gaya masa kar ya sa hannu.