Amsa: Da gaske ana korar ƙungiyar jami'a daga rukuninta?

Ƙanena, ka fama min tsohon miki. Ka ce ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'arku shekara da shekaru sai shan kashi take, fili wayam, ga raɗe-raɗin za a sallame ku daga rukuni, wato haɗakar jami'o'in da kuke gasa tare, kana tambaya ko ana yin haka. Ana yi, a kanmu aka yi. Ina karatu a jami'ar Temple, a Filadelfiya, rukuninmu Big East ta kaɗa ƙuri'ar fitar da mu a 2001. Aka ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen kakar 2004, sannan aka ce mu kama gabanmu.

Shan kashi kaɗai ba ya korar ƙungiya. Jami'ar Rutgers a shekarun nan da me ta fi mu? A 1997 ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Amma ita cikakkiyar mamba ce, duk wasanninta suna cikin Big East. Mu kuwa tun 1991 da wannan ƙwallon kaɗai muka shiga, ƙwallon kwandonmu ta koci John Chaney tana can wani rukunin, Atlantic 10. 'Yan haya ne mu, kuma ɗan haya ake fara nuna wa ƙofa. Hujjojin da suka kawo uku ne: ba 'yan kallo, ba nasara, jami'a ba ta zuba kuɗi yadda ya kamata. Maganar 'yan kallo kam ba su yi ƙarya ba. Filinmu na wancan lokaci, Veterans Stadium, yana ɗaukar mutum sama da dubu 60, amma kana zaune can sama kana jin koci yana yi wa 'yan wasa tsawa. Kyamara ta juyo, sai kujeru. Wane gidan talabijin ne zai biya kuɗi a kan haka?

Abin da har yau yake ci min rai, Miami da Virginia Tech sun tattara sun bar Big East sun koma rukunin ACC a 2004, Boston College ta bi su a 2005, rukunin ya rame, amma duk da haka ba a waiwaye mu ba. Louisville da Cincinnati da South Florida aka ɗauko. Virginia Tech ɗin nan fa mun je har gidanta mun doke ta 28 da 24 a 1998.

Sai kakar 2005. Ba rukuni, wasa 11, an cinye mu a duka 11. Lokacin na fara aiki, akwai wani abokin aikina, Allah ya shirye shi, duk Litinin sai ya buga sakamakon a takarda ya manna min a jikin kwamfuta. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin makin. Wataran har ya tara mutane a wurin shan shayi yana tambayata ko ƙungiyar sakandare za ta yarda ta kara da mu. Na yi dariyar yaƙe, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Mutumin da ko ƙofar jami'ar da yake goya wa baya bai taɓa takawa ba! In kana da irinsa a kusa, kada ka tanka masa, tankawar yake nema.

Ka fara bincika ko cikakkun mambobi ne ku. Ka duba nisa kuma, don a 2016 wani rukunin, Sun Belt, ta ce ba za ta sabunta wa Idaho da New Mexico State ba bayan kakar 2017, su ma da ƙwallon kaɗai suka shiga, ga su can nesa da kowa. Idaho sai da ta sauka FCS, matakin gasa na ƙasa da wanda take ciki, a 2018. Sannan don Allah ku riƙa zuwa kallo, ko ana sanyi, ka ja abokan ɗakinka, ana ƙirga kawuna.

Mu dai Allah ya kawo mana koci Al Golden. Kakarsa ta farko, 2006, wasa ɗaya ya ci. Muka shiga rukunin MAC a 2007, a 2009 muka ci wasa 9 muka je wasan bowl, wato wasan ƙarshen kaka da ake gayyatar ƙungiyoyin da suka taka rawar gani, rabonmu da shi tun 1979. A 2012 Big East ɗin da ta kore mu ita ta dawo da mu. Faɗa min rukuninku da irin zaman da kuke yi a ciki, sai in gaya maka ko abin ya kai ka damu.