Amsa kan allurar kirci ta ƙasar waje

Yaya, kin tambaya ko allurar nan ta ƙasar waje tana raba yaro da kirci har abada, har kina tunanin sayar da awakinki domin a nemo ta. Ɗana ya shekara tara yana fama da irin wannan kirci mai tafiya tare da asma a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma na sha tarar da ɗigon jini a zanin gadonsa da asuba saboda susa, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Sunan allurar Dupixent, kuma a 2017 aka amince da ita a Amurka. Aikinta shi ne toshe hanyar wasu sinadarai biyu na garkuwar jiki, IL-4 da IL-13, masu hura wutar kumburi da ƙaiƙayi. Tana taimakawa ƙwarai, amma danne cutar take yi, ba ta tumɓuke ta, domin idan aka daina yin ta kircin kan dawo. A manyan gwaje-gwajen farko, waɗanda fatarsu ta washe bayan mako 16 ba su kai 4 cikin 10 ba, wasu kuma ta sa musu jan ido. Da ta fito, farashinta dala 37,000 ne a shekara, sannan dole a ajiye ta a firji, alhali mu wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa.

Akwai kuma ƙwayoyin sha na kirci, Rinvoq da Cibinqo, masu kashe ƙaiƙayi da sauri, sai dai suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka ba a fara su sai da gwaji. A 2024 Amurka ta amince da wata allurar mai suna Nemluvio, wadda ke fuskantar sinadarin ƙaiƙayin kansa. Fatana shi ne farashi ya sauko, a kuma yawaita gwaji a kan baƙar fata, inda jan da likitoci ke auna tsananin cutar da shi ba ya fitowa fili.

Ki bar awakinki tukuna. Ki kai yaron naki wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a tabbatar ba ƙazuwa ba ce ko makero, kuma ki guji man haɗin da ake sayarwa ba da takardar likita ba, domin yana sirantar da fata. Abin da ya ba ɗana barci shi ne wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, sannan in shafe shi da man kaɗanya ko basilin tun jikinsa da danshi, safe da dare, musamman idan hunturu ya kama.