Tambayoyin Masu Karatu: MBA ko Digiri na Biyu a Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala digiri na farko a fannin tattalin arziki, na gama bautar ƙasa bara, yanzu kuma ina taya mahaifina harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau. Ina so in ƙaro karatu a waje domin mu riƙa fitar da kaya da kanmu maimakon sayar wa dillalai. Abokaina sun ce MBA zan yi, wani malamina kuma ya ce in nemi digiri na biyu a kasuwancin ƙasa da ƙasa. Mahaifina ya ce zai sayar da fili ya biya mini. Wanne ya fi dacewa da ni? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma a dakata da maganar filin tukuna, za mu zo kanta. A ganina shawarar malaminka ta fi ta abokanka nauyi.

Digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bayarwa a 1908, an tsara shi ne domin mutumin da ya riga ya yi aiki, ya riƙe ma'aikata ko kasafin kuɗi, yana neman hawa matakin shugabancin kamfani. Yana taɓa komai kaɗan-kaɗan, daga lissafin kuɗi zuwa kula da ma'aikata da talla. A manyan makarantu ana kawo labarin wata matsala da wani kamfani ya taɓa shiga, a ce ɗalibai su yi muhawara kan mafita, saboda haka babban rabo na abin da ɗalibi ke samu daga bakin abokan karatunsa yake fitowa, shi ma kuma ana jiran ya kawo nasa. Wannan ne ya sa makarantu irin su INSEAD ta Faransa, wadda aka kafa a 1957, suke neman shekarun aiki kafin su ɗauki mutum. Wanda bai daɗe da barin jami'a ba zai biya kuɗi mai yawa ya zauna yana sauraron wasu.

Shi kuwa digiri na biyun da malaminka ya ambata, wato MSc a kasuwancin ƙasa da ƙasa, an yi shi ne domin irinku, kuma a Ingila shekara ɗaya ake yin sa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka buɗe jerin darussan kowace makaranta ka ga ko suna amsa tambayoyin da ke gaban buhunan riɗin mahaifinka. Idan aka loda kaya a tashar Apapa, daga wane wuri asara ke barin wuyan mai sayarwa ta koma wuyan mai saye? Ƙa'idojin Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936, su ne ke fayyace wannan, kuma bambancin FOB da CIF, wato wa zai biya kuɗin jirgin ruwa da inshora, yana iya cinye ribar ciniki gaba ɗaya. Haka nan akwai takardar lamunin banki, wadda ke ba ka tabbacin cewa mutumin da ba ka taɓa gani ba a Japan ko Turkiyya zai biya ka da zarar takardun kaya sun cika, da kuma hanyoyin kare kai daga hawa da saukar canjin kuɗi.

Akwai kuma batun ingancin kaya, wanda na fi so ka mai da hankali a kai, domin a nan 'yan kasuwarmu suka fi shan wuya. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wake mai kyau muke nomawa, yadda ake adana shi ne ya rufe mana ƙofa. Duk kwas ɗin da zai koya maka yadda ake bin sawun kaya tun daga gona har zuwa kwantena, da yadda ake karanta dokar ƙasar da za a kai su, ya fi maka amfani a kan wanda ya cika da manyan kalmomin shugabanci. Kada kuma idonka ya tsaya kan Turai da Asiya kawai. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019 kuma aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a ranar 1 ga Janairun 2021, tana buƙatar masu fahimtar ƙa'idar asalin kaya, wato yadda ake tabbatar da ƙasar da aka samar da su, da harajin kwastam. Idan ka haɗa da Faransanci, kasuwannin Nijar da Kamaru da Chadi sun zo kusa da kai.

Yanzu maganar fili. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin makaranta da na masauki a waje sun yi tashin gwauron zabo ga mai biya da naira, kuma ba na ba da shawarar a sayar da kadarar gida domin karatun da akwai wata hanyar samunsa. Ka ƙara shekara biyu a Dawanau, ka karɓi riƙon littafin ciniki da hulɗa da banki, sannan ka nemi tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke neman aƙalla shekara biyu na aiki da alkawarin komawa gida bayan karatu, ko Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ake karatu a ƙasashe biyu ko fiye. A gida ma akwai Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Lagos Business School, inda za ka yi karatu kana ci gaba da sana'arka. Idan wajen ce dai, ka bincika ko makarantar tana da shaidar masu tantance ingancin makarantun kasuwanci, wato AACSB ko EQUIS ko AMBA, kuma ka yi binciken a shafin waɗannan hukumomi da kanka, kada ka dogara da bakin ejan da ke cin kamasho a kan kowane ɗalibi.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar banki ce, ina da MBA, kuma burina in koyar da ilimin talla da kasuwanci a jami'a. Zan iya wucewa kai tsaye zuwa digirin digirgir? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malama, a yawancin jami'o'in Najeriya ana ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, kuma MSc mai cikakken kundin bincike ake nema kafin a shiga digirin digirgir. Ki je sashen da kike so ki nemi ƙa'idarsu a rubuce kafin ki sayi fom. Idan MSc ɗin suka ce, shekarunki na banki za su yi miki rana wajen zaɓar abin bincike, misali dalilin da ke sa wasu mata 'yan kasuwa su fi yarda da adashi a kan asusun banki, ko yadda bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ke jawo abokan hulɗa tun bayan da Jaiz ya fara aiki a 2012. Ki fara ƙarfafa ilimin ƙididdiga tun yanzu, domin a kansa binciken kasuwa yake tsayawa.