Hoton da yake juyawa: rufa-ido ne ko gizo?

Tambaya: Malam, an turo mini hoton wasu da'irori a WhatsApp. Ina kallo suna juyawa, alhali ba bidiyo ba ne. Wannan shi ne rufa-ido? Kuma ina aka bar "gani ya kori ji"?

Amsa: Bisa bayaninka, hoton da ake kira macizai masu juyawa ne, wanda Akiyoshi Kitaoka, masanin halayyar ɗan Adam a Japan, ya zana a 2003. Ba zan kira shi rufa-ido ba. Rufa-ido sai da mai yinsa a gabanka, ɗan dabo da ke ɓoye abu da saurin hannu. A nan ba a ɓoye maka komai ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ka ce idonka ya yi maka gizo, kamar yadda muke faɗa idan mutum ya ga abu ba yadda yake ba. Kawalwalniya ma ba ta shiga nan, domin ita haske ne yake lanƙwasa a iska mai zafi, har kyamara tana iya ɗaukarta. Juyawar da ka gani kuwa a cikin kanka kawai take.

Dabarar tana cikin jerin launuka: baƙi, shuɗi, fari, ruwan ɗorawa, a maimaita a da'ira. Ƙwaƙwalwa tana riga karɓar saƙon baƙi da fari kafin na sauran biyun, sai ta fassara wannan ɗan jinkiri a matsayin motsi. Ido kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana ɗan zillo, kowane zillo yana sabunta ruɗin. Ka kafa ido a tsakiyar da'ira ɗaya, za ka ga ta tsaya, na gefe su ne za su fi daɗewa suna juyi.

Karin maganar "gani ya kori ji" kuwa tana nan daram. Jita-jita take kora: wanda ya je ya gani ya fi wanda aka ba labari. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce ana yi wa rogo kallon kitse.

Tambaya: Daga ina kalmar majigi ta fito?

Amsa: Aro ce daga sunan da Turawan Ingila suka ba wata tsohuwar na'urar haska hoto a bango, ma'anarsa fitilar sihiri. Sunan ya bi fina-finan da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da su a mota, ana nunawa da dare a ƙofar fada. A Kano an kuma kira sinima dodon bango. Dodon nan ma hotuna ne tsayayyu, guda 24 ake haskawa cikin daƙiƙa ɗaya, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, ƙwaƙwalwa ta haɗa su su zama tafiya.