Tambayoyi da Amsoshi: Tsada da Amfanin Tashar Cajin Gaggawa ta Motocin Lantarki

Tambaya: Malam, na kai motata mai aiki da lantarki tashar cajin gaggawa, na zauna fiye da awa ɗaya kafin batirin ya cika, kuma kuɗin da na biya ya fi na cajin gida nesa ba kusa ba. Ina amfanin irin wannan tasha?

Amsa: Malam, tsadar tana da dalili, amma zaman awa ɗayan nan kai ka jawo wa kanka. Cajar gida takan ba da wuta kimanin kilowat 7, kuma motar ce da kanta take juya wutar AC, wato irin wadda ake kawowa gida, zuwa DC, irin wadda batir ke ajiyewa, kafin ta shiga batir, shi ya sa batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 yakan kwana yana caji, wajen awa tara. Tashar gaggawa kuwa ita ke yin wannan juyi a cikin manyan akwatunanta, sannan ta ɗura wutar kai tsaye cikin batir, daga kilowat 50 har zuwa 350. Na'ura ɗaya mai kilowat 350 tana jan wutar cajojin gida 50 a lokaci guda. Dole mai tashar ya nemi babbar taransfoma, da wayoyi masu kauri waɗanda wasunsu da ruwa ake sanyaya su, da fili, da masu gyara. Bugu da ƙari, a ƙasashe da dama kamfanonin wuta suna cajin 'yan kasuwa bisa mafi girman wutar da suka ja a lokaci guda cikin wata, ko da motoci ƙalilan ne suka zo. Duk wannan yana cikin kuɗin da ka biya.

Ke nan abin da ka saya a can lokaci ne, kuma shi ne ka ɓarnatar. Wannan ɗabi'a ta jiran batir ya kai kashi 100 a tashar gaggawa tana damuna matuƙa, domin kullum sai an aiko mini da koke a kanta. In ka sake zuwa, ka tsura wa allon na'urar ido. Za ka ga lambar kilowat ta fara da ƙarfi, tana sauka sannu a hankali, da zarar an wuce kashi 80 kuma sai ta faɗi ƙasa warwas. Kwamfutar motar ce take rage wutar da gangan, don kada batirin ya yi zafi ya lalace. Sau da yawa daga kashi 80 zuwa 100 yakan ci lokacin da ya kai na kashi 10 zuwa 80, wanda shi ne ma'aunin da masu ƙera motoci suke tallatawa. Idan tashar da minti take lissafi, to wutar ƙarshen nan ita ce mafi tsada, alhali ga wani bawan Allah a bayanka yana jiran layi da batir saura ƙiris. Wasu kamfanoni, ciki har da Tesla, har tara suke ci idan mota ta gama caji aka bar ta a wurin. Ni dai nakan shiga da kashi 10 zuwa 20, in cire a 80, in ƙarasa a gida da dare.

Tambaya: Motata iyakarta kilowat 50. In na je na'ura mai 350, za ta fi saurin cika?

Amsa: A'a, Hajiya. Motar ce take yanke abin da za ta karɓa. Ki nemi ƙaramar na'ura, musamman inda kuɗinta ya fi sauƙi, ki bar babbar ga mai buƙata.

Tambaya: Gaskiya ne cajin gaggawa yana kashe batir?

Amsa: Zafi ne abokin gaban batir. Cajin gaggawa a kan doguwar tafiya ba abin damuwa ba ne, amma kada ka mayar da shi na kullum in kana da halin yin caji a gida.

Tambaya: Na je tasha, filogin ya ƙi shiga motata. Me ya faru?

Amsa: Bakin caji iri-iri ne. Turai tana amfani da CCS, Sin tana da GB/T, tsofaffin Nissan Leaf suna da CHAdeMO na Japan, Tesla kuma tana da NACS a Arewacin Amurka. Duba littafin motarka, sannan ka nemo tashoshin da suka dace da ita a manhajar caji kafin ka fita.