Wane mazubi ya dace da haɗa taki a tsakar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shuka alayyafo, tumatir da attaruhu a buhuna a gidan haya a Kano. Na gwada tara ɓawon kayan miya a bokiti mai murfi, wari ya cika gida har maƙwabta suka fara magana. Yanzu maigida ya sayo min shuɗin durom na roba a kasuwa, amma in na buɗe shi sai in ji wari kamar na magani. Mai sayarwa ya rantse an wanke. 'Ya'yana ne ke cin ganyen nan, hankalina bai kwanta ba. In yi amfani da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki zuba komai a durom ɗin nan. Zan dawo kansa.

Warin bokitinki rashin iska ne. Kin toshe jiƙaƙƙen ɓawo babu busasshen abu, sai ya ruɓe ya yi ruwa. Kowane mazubi za ki zaɓa, ya samu iska ta gefe, ruwa ya iya tsiyayewa ta ƙasa, kuma hannunki ya isa ciki ki juya. Ga mai zama a gidan haya, durom ɗin roba mai lita 200 ya wadatar: a zafafa ƙusa a huda gefe da gindi, a ɗora kan bulo a inuwa. Tsohon kwando ko buhun shinkafa ma suna yi, sai dai da hunturu suna saurin bushewa, dole a riƙa yayyafa ruwa. Durom ɗin ƙarfe tsatsa ke cinye gindinsa, ga ɗaukar zafin rana. Mai fili kuwa, rami ko bulo da aka jera kimanin mita ɗaya kowane gefe ya fi, don tulin ya fi riƙe zafi. Duk kwano ɗaya na ɓawo, ki rufe shi da biyu ko uku na busasshen ganye ko ƙaiƙayi, ki ɗan zuba kashin awaki. In kin damƙa ya ji danshi amma ruwa bai zubo ba, ya yi daidai. Nama, ƙashi da mai kada su shiga, ɓeraye za ki gayyato.

To, batun "an wanke". Kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma tana ƙona min rai. Mai sayar da durom ba shi ya ɗura abin da ke ciki ba, shi ma saye ya yi. Waɗansu durom ɗin daga kamfanonin abinci suke fitowa, waɗansu daga masana'antun fata da na fenti, waɗansu maganin ciyawa ko na ƙwari aka shigo da shi a ciki. Duk launinsu ɗaya. Roba tana shan magani har cikin jikinta, omo da soso saman kawai suke wankewa. Shi ya sa ƙa'idar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya take cewa mazubin maganin ƙwari a ɗauraye shi sau uku sannan a huda shi, don kada wani ya sake amfani da shi. Ɗaurayar ma ba don a mayar da shi gida ba ce.

Sai wani ya ce ai zafin takin zai kashe gubar. Wa ya faɗa? Tuli babba ne ke kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin zafi na Celsius, ƙaramin durom da wuya ya kai. Kuma wannan zafin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa yake kashewa. Dalma da sinadarin da ake jeme fata da shi a masana'anta ba sa ruɓewa ko an shekara, a ƙasa suke zama, ganye irin alayyafo ya ja wani abu daga ciki, yara su yi wasa da ƙasar su kai hannu baki. Akwai kuma maganin ciyawar da ke tsallake ruɓewar taki da ransa, ki zuba wa tumatir ki ga ganyensa ya nannaɗe ki zata cuta ce. Abin takaici, irin waɗannan durom ɗin ake ajiye ruwan sha a ciki a gidajenmu. Mai rantsuwa kan abin da bai sani ba don ya ci ribar durom ɗaya, ya tuna zai amsa gaban Allah.

Hancinki ya riga ya ba ki amsa. Ki faɗa wa maigida a huda gindinsa a fitar da shi, kada a mayar da shi na ruwa ko na hatsi. Ku nemi wanda aka san man gyaɗa ko wani kayan abinci ya ɗauka, da takardarsa manne a jiki. In bai samu ba, ki fara da buhu biyu, ki cika ɗaya ki bar shi ya nuna, kina juyawa duk mako, kina zubawa a na biyun.