Hukuncin Gwajin Inzayim a Tsokar Fatar Ɗan Adam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni, a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Ana kawo mana guntun fatar mutum, wani guntun likita ne ya yanko da niyyar gwaji, wani kuma ragowar tiyata ce ko fatar kaciya. Mukan adana ta a firiza, mu niƙa, mu auna ƙarfin aikin inzayim ɗin da ke ciki, wato sinadarin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki. Ya halatta? Kuma taɓa ta najasa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jikin ɗan Adam abin girmamawa ne, kamar yadda aya ta 70 a Suratul Isra'i ta nuna, ba a yankarsa sai da dalili. To dalilin yana nan. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama bin Sharik, magani kuwa ba ya yiwuwa sai an san cuta. Inzayim ɗin tairosines, misali, shi ke haɗa launin fata, rashin aikinsa ke jawo wani nau'in zabiyanci. Abin da ake yankowa don gwaji kuma yawanci bai fi faɗin milimita 3 ko 4 ba, bayan allurar kashe zafi. Cutarwar kaɗan ce, amfanin ya rinjaye ta, don haka ya halatta.

Inda nake so ka tsaya, ɗana, shi ne izini. Wanda ya yarda a yi masa tiyata bai ce a kai fatarsa ɗakin bincike ba. Uban da ya kawo yaro kaciya ma haka. Ka tambaya: an faɗa musu? Sun amince? In ba a yi ba, ka gaya wa shugabanka a gyara, cewar “ai da ma zubarwa za a yi” ba hujja ba ce. Mamaci kuwa sai da wasiyyarsa ko yardar magadansa. Kuma ba a sayar da fatar. Majalisar fiƙihu ta Jidda ta hana cinikin sassan jiki tun 1988.

Batun najasa, an yi saɓani, amma abin dogaro a Malikiyya shi ne ɗan Adam mai tsarki ne, da rai ko a mace, haka abin da ya rabu da jikinsa. Taɓa fatar ba ya karya alwala. Jinin da ya kwarara ya taɓa tufarka dai ka wanke. Abin da ya saura bayan gwaji a binne shi in da hali, kada a jefa a kwandon shara.

Wallahu a'alam.